Lambar h da buhun wake: da me ake auna aikin malamin jami'a?

Duk lokacin da aka fitar da sabon jerin sunayen "manyan masanan duniya", ba a jimawa hotunansa sun fara yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp na ɗalibai da malaman jami'a. Wasu su taya murna, wasu su shiga lalube ko akwai ɗan Nijar a ciki. Jeri biyu ne suka fi yawo. Na farko shi ne wanda Farfesa John Ioannidis na jami'ar Stanford a Amurka ya fara fitarwa tare da abokan aikinsa a 2019, mai ɗauke da kashi 2 cikin 100 na masanan da aka fi ambaton ayyukansu. Na biyu shi ne AD Scientific Index, da wasu masana biyu ƴan Turkiyya suka kafa a 2021.

Dukansu lissafi ɗaya suke yi: sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikin wane a cikin nasu rubutun. Wannan lissafi ya wuce abin ado. Ana duba shi wajen ɗaukar malami aiki da ba shi kuɗin bincike, kuma a Amurka masu neman takardar zama ta ƙwararru kan haɗa yawan ambaton da aka yi musu cikin hujjojin da suke miƙa wa hukumar shige da fice. Saboda haka ɗalibin da ke shirin doktora a Yamai, da wanda ke neman gurbi a Faransa, Kanada ko Turkiyya, duk lissafin zai iske su.

Daga ina lissafin ya fito

A al'adar ilimi, duk wanda ya rubuta maƙalar bincike dole ya jera ayyukan da ya dogara da su a ƙarshenta. Kowane suna da ya shiga wannan jeri ya samu ambato ɗaya ke nan. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ne ya kawo shawarar a riƙa tattara waɗannan ambato wuri guda, a wata maƙala da ya wallafa a mujallar Science a 1955. A 1964 cibiyarsa ta fitar da kundin ambato na kimiyya a kasuwa, wanda a yau ya zama rumbun Web of Science na kamfanin Clarivate. A 2004 aka samu ƙarin rumbuna biyu: Scopus na kamfanin Elsevier, wanda ake biya kafin a shiga, da Google Scholar, wanda kowa ke iya buɗewa kyauta.

Shekara ɗaya bayan haka, a 2005, Jorge Hirsch, masanin fiziks a jami'ar Kaliforniya da ke San Diego, ya ƙirƙiro abin da ake kira lambar h. Hanyar lissafinta mai sauƙi ce. A jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambata zuwa ta ƙarshe. A ce malami yana da maƙala 10, an ambace su sau 50, 30, 12, 8, 5, 4, 2, 1, biyun ƙarshe kuma ba a taɓa ambatonsu ba. Yana da maƙala 5 da kowacce ta samu ambato aƙalla 5, amma ba shi da 6 masu ambato 6. Lambarsa ta h ita ce 5. Hirsch ya yi kiyasin cewa a fannin fiziks, a manyan jami'o'in bincike na Amurka, lamba 12 ta dace da matsakaicin malami, 18 kuma da cikakken farfesa.

Akwai kuma ma'aunin da ake yi wa mujallar kanta. Ana ɗaukar yawan ambaton da maƙalunta na shekaru biyu da suka wuce suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. Da wannan ne ake cewa wata mujalla "babba" ce, wata "ƙarama".

Abin da ya sa ma'aunan suka karɓu a fili yake. Shugaban jami'a ko mamban kwamiti ba zai iya karanta ayyukan mutum 200 a fannoni 20 ba. Lamba kuwa ba ta san ɗan wane ba, ba ta san ƙabila ko jam'iyya ba. A wuraren da ake kukan son kai wajen ƙarin girma, wannan abu ne mai amfani.

Inda lambar ke tuntuɓe

Sai dai ambato na nufin an yi maganar aiki ne kawai, bai ce aikin daidai ne ba. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 a mujallar The Lancet, wadda ta danganta wani rigakafin yara da cutar galahanga, an janye ta a 2010 bayan an tabbatar da rashin gaskiya a cikinta. Duk da haka an ambace ta sau da dama, galibi don a ƙaryata ta, kuma kwamfuta ba ta bambance yabo da suka.

Wani lokaci kuma aikin ƙwarai kan kwanta ba wanda ya kula. Gregor Mendel ya wallafa bincikensa kan gadon halitta a 1866, amma sai a 1900 masana suka gane darajarsa, shekaru 16 bayan mutuwarsa. Maƙalar da mujallar Nature ta bayyana a 2014 a matsayin wadda aka fi ambata a tarihi, da ambato sama da 300,000, ta Oliver Lowry ce ta 1951, kan hanyar auna furotin a ɗakin gwaji. An ambace ta haka ne domin duk mai irin wannan awo sai ya faɗi hanyar da ya bi. Shi ma Peter Higgs, wanda ya samu kyautar Nobel a 2013, ya shaida wa jaridar The Guardian a wannan shekarar cewa da a tsarin yau ne, ba ya jin wata jami'a za ta ɗauke shi aiki, don ba ya yawan wallafa maƙalu. Mutumin da ke da maƙala 3 kacal, ko da an ambaci kowacce sau 1,000, lambarsa ta h ba za ta wuce 3 ba.

Ana kuma iya yi wa lissafin maguɗi. A 2010 Cyril Labbé, masanin kwamfuta a Grenoble ta Faransa, ya ƙirƙiro wani masani da babu shi, ya raɗa masa suna Ike Antkare. Ya sa wata manhaja ta rubuta masa maƙalu marasa ma'ana kimanin 100 masu ambaton junansu. Google Scholar ya ba wannan mutumin bogi lamba h ta 94, ya ɗora shi sama da Albert Einstein. Wannan darasi ne ga duk mai karanta jerin da ya dogara da Google Scholar kaɗai. A rayuwar yau da kullum maguɗin bai kai haka fitowa fili ba: malami ya yi ta ambaton kansa, ko abokai su yi "ba ni in ba ka", ko a sa sunan maigida a maƙalar da bai ko karanta ba.

Fannoni ma ba ɗaya ba ne. Likita ko masanin halittu na iya fitar da maƙalu da yawa a shekara tare da tawaga, masanin tarihi kuwa na iya shafe shekaru a kan littafi guda.

Ma'aunin da bai jin Faransanci sosai

Ga masu bincike na Nijar akwai ƙarin wata matsala. Mafi yawan mujallun da ke cikin Scopus da Web of Science da Ingilishi suke fita, alhali a jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa da Faransanci ake koyarwa, da shi ake rubuta memuwar da kundin doktora. Abin da bai shiga rumbu ba kuwa, ba ya cikin lissafi.

Ya isa a dubi sunayen da jami'o'in ƙasar ke ɗauke da su. Jami'ar Damagaram na ɗauke da sunan André Salifou, wanda ya rubuta tarihin daular Damagaram a ƙarni na 19. Ta Tawa na ɗauke da sunan Djibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Littattafan biyu sun fito ne da Faransanci a jerin wallafe-wallafen Études nigériennes, a shekarun 1970. Duk ɗalibin da zai yi rubutu kan waɗannan yankuna sai ya bi ta kansu, amma yawancin masu ambatonsu suna yi ne a memuwar da kundayen da ke jere a kan kantar ɗakin karatu, inda kwamfutar Elsevier ba ta leƙawa. Haka abin yake ga mujallar Mu Ƙara Sani ta cibiyar IRSH a Yamai, wadda ke wallafa bincike kan tarihi, harsuna da zamantakewar ƙasar.

Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, aka kuma sa wa jami'ar Yamai sunansa bayan rasuwarsa a 1991, masanin fiziks ne da ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, shekaru da dama. Littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira a koyar da yara da harsunansu. Babu lambar da ta ƙidaya ɗaliban da ya horar, ko na'urorin dumama ruwa da hasken rana da aka ƙera a ƙarƙashinsa.

Sannan ga batun kuɗi. Mujallu da yawa na karɓar kuɗi daga marubuci domin a bar kowa ya karanta aikinsa kyauta, kuma aikin da ke buɗe ya fi saurin isa ga masu ambato. A 2021 Nature ta sa farashinta a Yuro 9,500 kan maƙala ɗaya, wato sama da miliyan 6 na Sefa. Manyan kamfanonin wallafa kan yafe ko su rage wa masu bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, Nature ma ta yi hakan daga baya. Wanda bai san da wannan dama ba yana iya faɗawa hannun mujallun damfara, masu karɓar kuɗi su wallafa komai cikin ƴan kwanaki ba tare da tantancewa ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Bayan ambato, abu na biyu da ake dubawa shi ne haɗin gwiwa: da wa mutum yake aiki, daga waɗanne ƙasashe. Masana lissafi har wasa suke yi da wannan. Paul Erdős, ɗan ƙasar Hungari, ya rubuta maƙalu kimanin 1,500 tare da mutane sama da 500. Wanda ya yi rubutu da shi yana da lambar Erdős 1, wanda ya yi rubutu da wannan yana da 2, haka har ƙasa. A fiziks kuma an taɓa wallafa maƙala ɗaya a 2015 mai ɗauke da sunayen marubuta 5,154, kuma duk ambaton da ta samu kowannensu yana ƙirga shi a matsayin nasa.

A Afirka kudu da Sahara haɗin gwiwa da waje shi ne ginshiƙin bincike. Wani rahoto da Bankin Duniya da Elsevier suka fitar a 2014 ya nuna kason yankin, ban da Afirka ta Kudu, a maƙalun duniya ya tashi daga kashi 0.44 zuwa 0.72 cikin 100 tsakanin 2003 da 2012. Rahoton ya kuma nuna cewa masu binciken yankin sun fi haɗa kai da Turai da Amurka nesa ba kusa ba fiye da yadda suke haɗawa da maƙwabtansu na Afirka.

Nijar ta ga amfanin irin wannan haɗin gwiwa. A Madarunfa, cikin jahar Maraɗi, ƙungiyar likitoci ta MSF da cibiyarta ta bincike Epicentre, tare da hukumomin lafiya na ƙasa, sun gwada wani rigakafin gudawar yara mai jure zafi, wanda kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa. An yi gwajin kan jarirai kimanin 3,500, aka wallafa sakamakon a 2017 a mujallar New England Journal of Medicine, inda ya nuna kariya ta kashi 66.7 cikin 100 daga gudawa mai tsanani. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da rigakafin. A wannan shekarar mujallar ta wallafa sakamakon gwajin MORDOR, da aka yi a Nijar, Malawi da Tanzaniya, wanda ya nuna raba wa ƙananan yara maganin azitromisin sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kashi 13.5 cikin 100 gaba ɗaya, a jahar Dosso kuma da kusan kashi 18.

Irin waɗannan maƙalu na jawo ambato mai yawa ga duk wanda sunansa ke ciki. Amma jerin sunaye yana da nasa tsari. A fannin lafiya da halittu, sunan farko na wanda ya ja ragamar aikin ne, na ƙarshe na shugaban tawaga, sauran a tsakiya. Sunan farko shi ake kira a taruka, shi ke fitowa idan an taƙaita maƙalar. A binciken lafiya da ake yi a ƙasashe matalauta, sau da yawa waɗannan kujeru biyu na ɓangaren da ya kawo kuɗin ne, ƴan ƙasa da suka shiga ƙauyuka suka tattaro bayanai kuma su tsinci kansu a tsakiya, wani lokaci ma a layin godiya kawai. Hausawa na da sunan wannan tun da daɗewa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙorafin ya kai ga mujallar Nature ta fitar da ƙa'idoji a 2022, inda take neman marubuta su bayyana yadda suka sa masu binciken ƙasar da aka yi aikin a cikinta, tun daga tsara shi har wallafawa.

Abin da ke cikin rumbun manomi

Akwai tasirin da ake gani da ido a kasuwannin Maraɗi. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da an zuba magani ba. Dabarar ta samo asali daga aikin jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken Kamaru, an kuma fara yaɗa ta a ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka daga 2007. Masanin ƙwari Ibrahim Baoua, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi kafin ya koma jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, na cikin waɗanda suka yi gwaje-gwajen buhun a Nijar suka wallafa sakamakon tare da abokan aikinsu na Purdue. An ƙirga ambaton da maƙalun suka samu. Manomin da ya ajiye wakensa daga kaka har lokacin da farashi ya tashi, bai sayar da arha ba, bai kuma ci wa iyalinsa wake mai guba ba, ba ya cikin wannan ƙidaya.

Haka labarin sassaben zamani. Tun daga farkon shekarun 1980 manoman jahar Maraɗi, tare da Tony Rinaudo ɗan Ostireliya, suka fara barin kututturan itatuwa su sake tohowa a gonaki. Sai bayan kusan shekaru 20 ne masana irin su Mahamane Larwanou na Nijar, Chris Reij ɗan Holan da Gray Tappan na hukumar safiyon ƙasa ta Amurka suka auna girman abin da hotunan sama da na tauraron ɗan Adam. Kiyasinsu ya nuna kadada kusan miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin ƙasar, ciki har da gawo da ya cika gonakin Magarya, Matamai da Mirya. Itatuwan sun riga ambaton zuwa da shekaru masu yawa.

Yadda ake ƙarin girma a yankin

Malaman jami'o'in Nijar ba da lambar h kai tsaye suke hawa muƙami ba. Suna bi ne ta CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaska, wadda shugabannin ƙasashe suka amince da kafa ta a taronsu na Yamai a 1968, mai hedikwata a Wagadugu, wadda masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo ya fara riƙe sakatariyarta. A yau tana da ƙasashe 19. Malami yakan aika takardunsa, kwamitocin ƙwararru na fanninsa daga ƙasashe daban-daban su duba koyarwarsa, ɗaliban da ya kula da su, da maƙalunsa. A likitanci, shari'a da tattalin arziki kuma akwai gasar zama babban malami. A nan mutane ne ke karanta aiki, sai dai su ma suna duba ko mujallar na da kwamitin tantancewa, da ko tana cikin rumbunan da aka sani. Ta wannan ƙofa lissafin ya shigo.

A ƙasashen da suka ƙirƙiro ma'aunan ma an fara ja da baya. A Disamban 2012 wasu masana da editoci suka tsara sanarwar San Francisco, wadda ake kira DORA, suna neman a daina auna mutum da girman mujallar da ya yi rubutu a ciki. A 2015 wasu ƙwararru kan lissafin ambato suka fitar da ƙa'idoji 10 da ake kira kundin Leiden. Ta farko ta ce lamba ta taimaka wa hukuncin ƙwararru, kada ta maye gurbinsa. Ta uku ta nemi a kare binciken da ke amsa buƙatun gida, musamman wanda ba da Ingilishi aka rubuta shi ba.

Ga matashin da ke fara bincike, akwai matakan da ba sa cin kuɗi. Ya buɗe lambar ORCID, wadda aka fara bayarwa a 2012, domin kada ayyukansa su watse tsakanin Mahamadou, Mamadou da Muhammadu. Ya riƙa rubuta sunansa da na jami'arsa iri ɗaya a kowace maƙala. Ya ajiye kwafin aikinsa a buɗaɗɗen rumbu irin HAL na Faransa, ya haɗa da taƙaitawa da Ingilishi. Ya duba dandalin AJOL, wanda ke tattara mujallun Afirka tun 1998, kafin ya tura wa wata mujallar da bai sani ba kuɗi. Idan kuma za a yi aikin haɗin gwiwa, a zauna a yi maganar jerin sunaye da mallakar bayanai tun kafin a shiga ƙauyen farko.

Sauran aikin na hukumomi ne. Ƙasashen Tarayyar Afirka sun daɗe da ɗaukar alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu kan bincike, kuma kusan dukansu ba su kai ba. Muddin kuɗin bincike daga waje yake zuwa, daga can za a riƙa zaɓen tambayar da za a bincika, da wanda zai zauna a kujerar farko. Jami'o'in ƙasar kuma na iya fara abin da ke hannunsu: sa mujallunsu da kundayen ɗalibansu a intanet yadda rumbuna za su gan su, da rubuta a takardun kowane malami, kusa da yawan ambatonsa, irin da ya fitar wa manoma, dokar da bincikensa ya sa aka gyara, da ɗaliban da ya yaye.